Zaure Ɗaya, Alkawari Uku

Zuwa ga Yayata abar girmamawa,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai tarin yawa irin ta ƙani ga yayarsa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya da kwanciyar hankali, ke da maigidanki Babban Yaya. Allah Ya ƙara miki ƙarfin jiki a kan wannan aiki na jinya da kike tsaye a kansa safe da yamma, Ya sa marasa lafiyar da ke hannunki su riƙa tashi da ƙafafunsu, Ya kare ku daga sanyin ƙasar nan da kike ba mu labari. Mu a nan duk muna lafiya, sai godiyar Allah.

Inna ta samu sabon tabarau, kuma tun ranar da ta sa shi babu wanda ya huta a gidan nan. Ta ce ashe shekara biyu muna zaune da ita cikin ƙura ba ta sani ba, ta sa an sauke labulen falo an wanke, ta kuma gano cewa na fara furfura a gemu, abin da na daɗe ina ɓoyewa. Gwiwarta ta yi sauƙi sosai da man shafawar da kika aiko, har tana zuwa bakin titi da kanta. Maman yara tana nan da kekenta na ɗinki, aikin kayan makaranta ya yi mata yawa a watan nan. Auta ya zubar da haƙoran gaba biyu, yanzu in ya kira sunansa sai iska ta riga maganar fita. 'Yarki kuwa, wadda har malamanta sun koma kiranta Lauya kamar yadda muke yi a gida, tana nan lafiya, ta ƙara tsawo har ta wuce Maman yara, kuma saboda ita ne na zauna rubuta wannan takarda.

Yaya, na yi miki laifi, kuma gara ki ji shi daga gare ni kafin Inna ta riga ni. Na zaɓi takarda ne don na san kaina. In a waya ne, da kin ja numfashin nan naki sai in manta duk abin da na shirya, in koma yaron da kike aika ɗebo ruwa. Kin tuna a ƙarshen zangon da ya wuce, da Lauya ta kawo maki talatin da takwas a kemistiri, kin ce a raba ta da ƙwallon kwando har sai ta gama jarrabawar fita. Kin sa na yi miki alkawari, na yi. To, ranar Asabar ta makon jiya ta buga ƙwallo na minti bakwai, kuma ni na ba ta izini. Ina roƙonki ki karanta har ƙarshe kafin ki ɗauki waya.

Ba ki taɓa ganin makarantar ba, don haka bari in kwatanta miki. Ta gwamnati ce, a can ƙarshen unguwa inda motar haya ke juyawa ta koma cikin gari, da ɗalibai sama da dubu. Wata biyar ke nan da na rufe shagon kafinta na karɓi aikin kula da gine-ginenta, kuma an ɗauke ni ne a kan gwajin wata shida. Ni ne mai gyaran famfo da ƙofa da ƙwan lantarki, ni ne kuma mai riƙe da makullai, guda arba'in da ɗaya a zobe ɗaya, har yara na jin tahowata tun kafin su gan ni. A cikinsu akwai na babban zaure, kuma wannan zaure shi ne komai na makarantar. A ciki ake taron iyaye, a ciki ake jarrabawa, a ciki ake buga ƙwallon kwando don akwai raga a kowane ƙarshe, a ciki kuma ake wasan kwaikwayo. Duk mai son sa sai ya zo wurina in rubuta masa rana a wani littafi da ke ɗakin ajiyata.

Matsalar ita ce mutane ba sa samuna a ɗakin ajiya. Malamin zane da wasan kwaikwayo, wani siririn mutum da yara ke kira Mai Fenti saboda ba shi da rigar da ba ta da ɗigo, shi kaɗai ya bi ƙa'ida. Ya zo ya zauna, na rubuta masa Asabar ta biyu a wata, don wasan da yaransa suka yi wata uku suna shiryawa. Bayan kwana biyu ina saman tsani ina canja ƙwan lantarki, malamin kemistiri ya tsaya a ƙasa ya ce yana son zauren don jarrabawar gwaji ta 'yan ajin ƙarshe. Dattijo ne mai ƙarancin dariya, wanda ko shugabar makaranta takan gyara tsayuwa in zai yi magana. Na ce masa an gama, na rubuta ranar a tafin hannuna, na sauko na wanke hannu. Malamar wasanni kuma, wadda ake kira Koci, ta tare ni ina kwance a ƙarƙashin famfo ruwa na zuba a fuskata, ta ce 'yan matanta sun kai wasan kusa da na ƙarshe kuma a zaurenmu za a buga. Ita ma na ce an gama, na rubuta a jikin wani guntun katako, wanda daga baya na yi wa benci ƙafa da shi. Kin san ni tun ina yaro, kalmar a'a ba ta zama a bakina.

Ban farga ba sai ranar Laraba, da su ukun suka haɗu a ƙofar ɗakin ajiyata, kowa ya zo karɓar makulli don ya fara shiri, ashe duk Asabar ɗaya na ba su. Yaya, da ƙasa za ta buɗe a lokacin da na gode mata. Muka ɗunguma ofishin shugaba. Malamin kemistiri ya ce takardun a rufe suke zuwa daga ofishin ilimi, duk makarantu lokaci ɗaya suke zama, daga takwas zuwa sha ɗaya, kuma babu ajin da zai ɗauki yara ɗari da sittin. Koci ta ce baƙi da alƙalin wasa za su iso sha biyu, in ba a buga ba an cinye mu ba tare da an taɓa ƙwallo ba, filin waje kuwa masu aikin bututu sun haƙe shi. Mai Fenti bai ɗaga murya ba, ya dai ajiye katin gayyata a tebur, wanda aka riga aka raba wa iyaye, ƙarfe huɗu da rabi. In aka dubi agogo kamar ba su ci karo ba, amma ni da leburori biyu awa huɗu muke yi kafin mu fitar da tebura, dandamalin wasa kuma yini guda nake yi ina haɗa shi da ƙusa. Shugaba mace ce mai sanyin magana, kuma sanyin ya fi faɗa ciwo. Ta ce jarrabawa ba ta motsi, don haka ɗaya daga cikin sauran biyun zai faɗi, kuma ni zan tsaya gaban yaran in gaya musu. Sannan ta tuna mini, kamar a wucewa, cewa gwajina zai cika a ƙarshen wata.

Na koma gida da yamma na kasa cin abinci. Maman yara ta tambaye ni na ce ciwon kai, ta ƙyale ni. Lauya ba ta ƙyale ni ba. A nan ya kamata in gaya miki cewa tun da kika yi magana yarinyar nan ba ta saɓa ba ko sau ɗaya. In an tashi daga aji takan wuce ɗakin karatu, ta bi ta bayan gini don kada ta ji ƙarar ƙwallo a zaure. Ba ta yi fushi ba, ba ta yi kuka a gabanmu ba, sai dai gardamarta ta ragu, har Inna ta ce gidan ya yi shiru kamar an ɗauke rediyo. To ranar ta zaunar da ni sai da na gaya mata komai, sannan ta yi mini tambayoyi kamar ina gaban alƙali: tebura nawa, ƙofa nawa, faɗin baranda taku nawa, me ya sa sai mutum uku ne za su ɗauka. Na ce don mu uku ne ma'aikata. Ta ce ai kowane tebur akwai mutum zaune a kansa, mai hannu biyu. Ta yago takarda daga littafinta ta fara lissafi, ta kuma tambaye ni ƙofar baya ta zauren, wadda ba a taɓa buɗewa ba tun zuwanta makarantar, ko an gina ta ne don ado. Game da dandamali kuwa ta ce wannan ni ne kafinta, in nemi dabara, kada in bar mata komai.

Washegari ta nemi ganin shugaba da kanta, ni ina bayanta kamar ni ne ɗan da aka kawo. Aka kira malaman uku. Ta shimfiɗa takardarta ta bayyana cewa in an karɓi takardun amsa, kowane ɗalibi zai ɗauki teburinsa, layin hagu su fita ta gaba, na dama ta baya, a jera a baranda, kuma a lissafinta minti ashirin da biyar sun isa. Malamin kemistiri ya sa tabarau ya bi lissafin layi layi da jan biro. Can ya ɗago ya ce ta manta da kujeru ɗari da sittin. Ni ma ban tuna da su ba. Ita kuwa sai ta ce kujeru ba inda za su, a tura su jikin bango 'yan kallon ƙwallo su zauna, da yamma a juyo su ga iyaye. Na san a take ta ƙirƙiro amsar, shi ma ya sani. Ya ce da za ta ba darasinsa rabin wannan kan nata da ya huta da ita, amma lissafin ya tsaya. Koci ta ce sharaɗinta kada a ja tebur a ƙasa a karce mata fili. Mai Fenti ya ce yaransa za su zana kibiyoyi da lambobi da alli. Shugaba ta ce a gwada ranar Juma'a, in ya wuce rabin awa maganarta ta farko na nan.

Kwana biyun nan ban san na zauna ba. Ƙofar baya tsatsa ta cinye sakatarta, fenti hawa uku ya manne ta da bango, sai da na yi rabin yini da guduma da mai kafin ta yi ƙara ta buɗe, muka tarar tsuntsaye sun yi gida a samanta. Dandamali kuma na yanka shi gida shida, na cire tayoyin tsofaffin gadajen ɗakin shan magani da aka jibge a ɗakin ajiya na ɗaura wa kowane yanki, yadda za a jingine su a ƙarshen zaure a turo su in lokaci ya yi. Yaran Mai Fenti suka taya ni, kuma a nan na ga aikinsu da kyau. Sun zana babban allon bango na yadi, hoton tashar mota da layin shaguna da wani gida mai bene, har da kare kwance a inuwa, wanda na rantse miki na kusa kora. Gwajin Juma'a kuwa ya watse. Yara suka ɗauka tsere ne, tebura suka cushe a ƙofar gaba, wani ya maƙale a tsakiya yana dariya, aka yi minti arba'in da ɗaya. Shugaba ta dubi agogonta ta dube ni. Kafin ta yi magana malamin kemistiri, wanda ban taɓa zato ba, ya ce laifin rashin tsari ne, gobe shi zai tsaya a ƙofar gaba, yana so ya ga wanda zai yi gudu a gabansa. Koci ta ce ita za ta riƙe ta baya da usur. Shugaba ta ce to, ta ba mu goben.

Ranar Asabar tun bakwai na buɗe zaure. Aka yi jarrabawa cikin shiru, ina leƙen Lauya ta taga, kanta a ƙasa, tana cizon biro yadda kike yi in kina tunani. Sha ɗaya daidai aka karɓi takardu. Dattijon nan ya tsaya a bakin ƙofa ya harɗe hannu, yara suka riƙa wucewa ɗaya bayan ɗaya da tebura a ƙirji kamar masu ɗauke da ƙwai. A baya usur na tashi, layi na motsi. Ni ina baranda ina jerawa, gumi har cikin ido. Da tebur na ƙarshe ya fita shugaba ta nuna mini agogo, minti goma sha tara. 'Yan aji ɗaya suka shigo da tsintsiya da tsumma, kafin motar baƙi ta tsaya a bakin ƙofa fili na sheƙi. Malamar baƙin har ta ce mun ji daɗi da muke da zaure na wasa kawai, babu wanda ya gyara mata.

Aka fara wasa. Maman yara ta kawo Inna da wuri don ta samu kujerar gaba saboda wasan kwaikwayo, sai ga ta a bakin filin ƙwallo, tana tambaya me ya sa ba za a ba kowace yarinya tata ƙwallon ba a huta. Lauya na zaune a teburin masu rubuta maki da kayan makaranta, Koci ce ta roƙe ta ta riƙe alƙalami. 'Yan matanmu bakwai ne kacal ranar, baƙi kuwa goma sha biyu, dogaye, suna canjawa suna hutawa. Duk da haka namu suka riƙe, ana tafiya kusan kunnen doki. Sai a kashi na ƙarshe alƙali ya fitar mana da biyu saboda yawan laifi, ta uku kuma numfashinta ya sarƙe, dama tana da ciwon asma, aka zaunar da ita da abin shaƙarta. Muka rage huɗu a fili, saura minti bakwai, baƙi na gaba da maki uku. Koci ta nemi hutu ta zo inda nake tsaye. Ta ce sunan Lauya na nan a takardar 'yan wasa, ba ta taɓa cire shi ba, amma ta san da maganar mahaifiyarta, don haka ba za ta tambayi yarinyar ba, ni take tambaya.

Yaya, na kira ki sau biyu, ki duba wayarki za ki gani, tana kashe, na san kina ɗakin marasa lafiya. Na dubi Lauya. Ba ta roƙe ni ba, ko da ido. Ta kafa kai a takardar maki tana gyara wani layi da ba ya bukatar gyara. Na tuna da wata biyu da ta yi tana bi ta bayan gini, na tuna cewa ba don ita ba da wannan wasa ma ba a yi shi ba, da ni kuma ina gida ina neman inda na ajiye tsohon makullin shago. Na ce wa Koci ta shiga, laifin a wuyana. Aka ba ta riga, ta ari takalmin yarinyar da aka zaunar, ya yi mata girma ta cusa takarda a gaba. Ba zan yi miki ƙarya in ce ta yi abin mamaki ba. Wata biyu ba horo, jifanta na farko bai ko taɓa raga ba, na biyu ya wuce can ya faɗa kan allon Mai Fenti ya huda benen gidan da aka zana. Amma ta manne wa dogayen nan kamar ƙaya, ta ƙwace ƙwallo sau uku, tana ta ba abokanta umarni da bakin nan nata, kuma ta jefa ɗaya ta shiga. Sauran makin abokanta ne suka ci. Aka tashi muna gaba da maki biyu. Ban san lokacin da na jefar da zoben makullai sama ba, sai da na yi ta tsintar su a ƙarƙashin kujeru.

Na je ba Mai Fenti haƙuri a kan ramin, na same shi tsaye yana kallonsa ya karkata kai. Ya ce dama gidan na bukatar taga, ya sa aka kawo almakashi da baƙin fenti, cikin minti goma ta zama taga har da labule. Muka turo dandamali, yankuna shida suka haɗu kamar an haife su tare, 'yan matan baƙi da muka cinye su ma suka sa hannu, malamarsu ta ce direba ya jira su ga wasan. Labarin wani saurayi ne malalaci da kullum yake zuwa tasha zai tafi neman aiki, kullum mota na barinsa saboda hira. Yaran da kansu suka rubuta, kuma an yi dariya har da hawaye. Sai dai Inna, da sabon tabaranta a kujerar gaba, ta ɗauki abin da gaske. Da mota ta bar shi karo na uku ta ɗaga murya ta ce masa ya tashi ya bi ta da gudu, uwarsa na gida tana jira. Yaron ya daskare, zaure ya fashe, sannan ya rusuna ya ce mata to Kaka, gobe zai yi sammako, ya ci gaba da wasansa. Na waiga na ga malamin kemistiri ya cire tabarau yana share ido.

Ranar Litinin shugaba ta kira ni. Ta miƙa mini sabon littafi ƙarami mai igiya, ta ce in rataya a wuya, daga yau ko a saman tsani nake a ciki zan rubuta. Sannan ta ce ta sa hannu a takardar tabbatar da ni. Jiya kuma sakamakon gwaji ya fito, Lauya ta samu sittin da ɗaya a kemistiri. Ba zan yi wayo da wannan lamba ba, Yaya. Mai yiwuwa hanin da kika yi ne ya kawo ta, kuma in haka ne ke ce da gaskiya. Na tambayi malamin ra'ayinsa, ya ce shi bai san komai a kan ƙwallo ba, abin da ya sani shi ne yarinyar na iya kaiwa saba'in, kuma zai riƙa zama da ita da wasu huɗu ranar Talata da Alhamis bayan tashi. Koci ta ce horo Litinin da Laraba ne, kuma duk wadda makinta ya sauka ita da kanta za ta zaunar da ita a benci. Wasan ƙarshe Asabar ta farko a wata mai zuwa ne, wata biyu kafin jarrabawar fita.

Ga abin da ya sa na kasa yin shiru. Ranar wasan, muna tafiya gida kafin magariba, su Inna na gaba mu muna baya, Lauya ta tambaye ni ko akwai wanda ya ɗauki hoto. Na ce ban lura ba. Ta yi tafiya kaɗan sannan ta ce ita ba ta fara ƙwallo ba sai bayan tafiyarki, don haka ba ki taɓa ganinta a fili ba ko sau ɗaya. Ba da ƙorafi ta faɗa ba, kamar dai yanzu abin ya zo mata. Ta ce ko jifan nan da ya huda allo, da kin gani da kin yi dariya har kin riƙe ciki. Daga nan ta canja magana. Ni kuwa maganar ta zauna mini. Shekara biyu ke nan kina aiko mata littattafai da takalma da addu'a, kuma na san don ita kike tsayuwar da kike yi. Amma akwai wata yarinya doguwa mai ba da umarni a fili wadda ba ki haɗu da ita ba tukuna, kuma ina ganin za ki so ta.

Don haka roƙona biyu ne. Na farko ki yafe mini minti bakwai ɗin nan. Na biyu ki duba ko za ki bar ta ta buga wasan ƙarshe, bisa sharaɗin malaman nan. In kin ce a'a, a'a ce, kuma wannan karon ko an rage mutum ɗaya a fili ba zan saɓa ba. In kuma kin yarda, ki nemi wata ta karɓar miki aikin ranar. Maman yara ta ce za ta riƙe waya daga farko har ƙarshe ki kalla, Inna kuma ta ce za ta riƙa yi miki bayani, tunda yanzu a ganinta ta ƙware.

Inna na gaishe ki da Babban Yaya, ta ce ku riƙa rufe ƙirji. Maman yara na gaisuwa, ta ce ki aiko awon kafaɗarki akwai yadin da ta ajiye miki. Auta na gaishe ki da bakinsa mai iska. Kawu Dogo da Gwaggo Ƙarama sun zo ranar Lahadi, sun ce lallai in sa sunansu. Ki gaida maƙwabciyarki mai kawo miki saƙo, da abokan aikinki duka. Lauya ba ta san na rubuta ba. Ta wanke rigar da aka ba ta, ta goge, ta kai wa Koci, Koci ta ce ta riƙe tukuna. Tana nan rataye a bayan ƙofar ɗakinta, ba ta sake sa ta ba, tana jiran maganarki.

Allah Ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ƙaninki mai laifi, mai kuma jiran hukunci,
Kafinta